Ranar da Ruwan Teku Ya Malala a Gyaɗi-Gyaɗi

Wata Juma'a cikin bazarar da ta biyo bayan komawar sojoji bariki, Likita Obiajulu ya taso daga asibitin koyarwa bayan la'asar, ya tarar ruwa yana gangarowa ta ƙarƙashin ƙofar falonsa. Yana tura ƙofar wani ƙarni ya buge shi. Ƙaton tankin gilashin kifinsa da ya cinye bango guda ya zube ya koma rabi, sauran ruwan ya yi ɗumi ya yi fari kamar na wankin shinkafa, kifaye sun taso ciki sama. An ɓalle sakatar ƙofar baya. An kwance injin da yake juya ruwan tankin an tafi da shi. Talabijin da rediyo da duk abin da ɓarawo zai yi kwaɗayi suna nan inda suke.

Babu wanda bai san tankin nan ba a layin. Likitan haifaffen Sabon Gari ne, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Zamanin soja ya tafi aiki Jidda, a can ya kamu da son kifin teku, da mulki ya dawo hannun farar hula ya tattaro kayansa ya dawo Kano, ya kama gida a Gyaɗi-Gyaɗi. Da salla iyaye sukan kawo 'ya'yansu su sha kallo. Wanda ya haɗa masa bututan kuwa Hamisu ne, mai gyaran famfo na bakin titi, magidanci mai 'ya'ya.

Da 'yan sanda suka zo, tambaya ɗaya suka yi: wa ya san kan wannan kaya? Likita ya ce shi da Hamisu. Kafin magariba sun tafi da Hamisu.

Shekarar ba ta kwanciyar hankali ba ce. Ba a daɗe da yin rikicin Kaduna ba, kullum sai an ga 'yan kudu suna ɗaure kaya a saman manyan motoci. Kafin gari ya waye magana ta rabu biyu. 'Yan cocin likita suna cewa wannan ba sata ba ce, gargaɗi ne. Samarin unguwa kuma suna cewa baƙo ya sa an kulle ɗan gida a kan kifi.

* * *

Da safiyar Asabar mai unguwa, Malam Audu, ya aika Tarauni aka kira masa Malam Ɗahiru.

Malam Ɗahiru dattijo ne ɗan siriri, mutumin yankin dajin Falgore. Rabin rayuwarsa a bin sawun shanun sata ya ƙare, har Fulani sukan yi tafiyar yini su zo ɗaukarsa. Da ƙafa ta fara yi masa nauyi babban ɗansa ya dawo da shi birni, mutanen Tarauni suka ɗora shi a kan 'yan sintirinsu. Bai taɓa son aikin birni ba. Yakan ce kwalta da siminti ba sa riƙe sawu, mutanen birni kuma kafin a kira ka sun gama tattake wurin.

Mai unguwa bai yi masa kwana-kwana ba. Ya ce da ƙyar ya kori samari daga ƙofar likita bayan asuba, sun ce in Litinin ta yi Hamisu bai fito ba, kada a tare su. Ya ce a irin wannan lokaci dutse ɗaya aka jefa a gidan nan, ba wanda ya san inda abin zai tsaya.

"Ranka ya daɗe, ni shanu na sani," in ji Malam Ɗahiru.

"Ni ma ba kifi na kira ka ka nemo ba. Mutum za ka nemo min."

* * *

Ya tarar da likita a durƙushe gaban tankin, ya naɗe hannun riga, idanunsa sun yi ja. Kamar yadda ya zata, tsakar gidan ba abin karantawa. An share ruwan falon zuwa ƙofar gida, jama'a sun bi ta kai, wajen ya bushe ya yi fari, awakin layin sun taru suna lasa. Ya ce da likita ya nuna masa yadda abin yake aiki, kamar yadda zai nuna wa wanda bai san komai ba, don kuwa bai sani ba.

Likita ya buɗe kabad ɗin da tankin yake zaune a kai. A ciki akwai wani ƙaramin tanki da tarin bututai. Ya ce ruwan gishiri ne, shi yake haɗa shi da kansa. Daga sama ruwan yake gangarowa zuwa ƙaramin tankin, a nan wata doguwar kwalba take tsotse dattinsa cikin kumfa, wani akwati kuma ya sanyaya shi, in ba haka ba zafin Kano ya dafa su. Daga nan injin ya tura shi ya koma sama. Dare da rana haka yake zagawa, shi ya sa akwai batura da janareta saboda ɗauke wuta. In injin ya tsaya, komai ya tsaya.

Malam Ɗahiru ya nuna waɗansu rassa farare a cikin ruwan, ya tambayi ko mene ne. Da aka ce masa murjani ne ya yi mamaki, don murjanin da ya sani na wuyan mata ne. Likita ya ce wannan mai rai ne, yana girma, yana buɗewa yana rufewa, shekaranjiya kore ne da ja da shuɗi. Farin da ake gani ƙashinsa ne. Ya ce ya gama tsame matattun kifaye, sai waɗansu biyu masu launin lemo da farin ɗamara ne bai gani ba, wataƙila suna ruɓewa a ƙarƙashin duwatsu.

Sai ya kama hannun dattijon ya ɗora a kan wani jan makunni a jikin bututu.

"Malam, dubi nan. Ba a yanke bututu ba, kwance mahaɗin aka yi da hannu, shi ya sa suka ce masani ne. Amma duk wanda zai cire injin sai ya fara rufe wannan, in bai rufe ba ruwan sama ya juyo da baya ya malale. Hamisu ne ya sa makunnin nan da hannunsa. Ta yaya zai manta?"

Malam Ɗahiru ya ce mai mugunta yana iya barinsa a buɗe da gangan. Likita ya ce haka 'yan sanda ma suka faɗa masa da ya koma roƙon a saki Hamisu. Ya goge fuska da bayan hannu ya ce tambayarsa aka yi ya ba da amsa, bai san amsar za ta kulle mutum ba.

* * *

Matar likita, Prisca, wadda maƙwabta suke kira Maman Chibuike, tana zaune a kicin sanye da baƙaƙen kaya. Ƙaninta yana cikin waɗanda aka kashe a Kaduna. Ita ba 'yar Kano ba ce, aure ya kawo ta daga Inugu, Hausarta tana da ɗan tsami amma tana fita. Ta ce tun hantsi ta tafi kasuwar Sabon Gari, ba ta dawo ba sai da mijinta ya riga ya ga ɓarnar. Ɗansu yana makarantar kwana a kudu, gidan ba kowa.

Ya tambaye ta wa take zargi. Ta ce ba ta zargin Hamisu, ta faɗa har sau biyu.

"Baba, ku kuna ganin kifi ne. Ni na ga mutum ya shigo har falona da rana tsaka. Yau inji ya ɗauka. Gobe fa?"

Ya lura tana magana tana kallon murhu, ba ta kallonsa. Ya ɗauka baƙin ciki ne, ya yi mata ta'aziyya ya fito.

Maigadin gidan, Garba, ya ce Madam ce ta ce ya tafi masallaci da wuri tunda ba kowa a gida, ya kulle ƙofar gaba ya tafi, ana idar da salla ya dawo. Mai shayin bakin layi kuwa ya ce ƙarya ne, Garba bai dawo ba sai gab da la'asar. Malam Ɗahiru ya koma ya zauna kusa da maigadin bai ce komai ba, har shirun ya ishi Garba. A ƙarshe ya yarda ya zarce Unguwar Gano cin abincin suna a gidan wansa, tsoron kora ya sa ya ɓoye. Dattijon ya hau acaɓa ya je. Mutanen gidan sunan duka sun gan shi, har sun tuna yawan abin da ya ci.

* * *

Garban ne, don ya wanke kansa, ya tsegunta masa Habibu mai gyaran janareta, wanda yake shiga gidan duk wata, yana kuma sayar da tsofaffin injina a kasuwar Tarauni. Ya ce an gan shi da yammacin Juma'a da wani abu a buhu.

Malam Ɗahiru ya same shi a rumfarsa, hannu duk baƙin mai. Da ya ji tambayar sai ya fara rantse-rantse tun ba a zarge shi ba, abin da ya sa zuciyar dattijon ta ɗan yi tsalle. A ƙarƙashin benci kuwa ga buhun, ga injin ruwa a ciki. Ya sa aka ɗauka har gidan likita, Habibu yana biye yana kiran mutane su shaida.

Kallo ɗaya likita ya yi masa ya girgiza kai. Ya ce wannan na jan ruwan rijiya ne, ƙarfe ne zalla, ruwan gishiri zai cinye shi cikin wata guda. Nasa baƙi ne, na roba, bai kai rabin wannan ba, a cikin ruwa ma yake zama.

Habibu ya ɗauki injinsa, ya ce da Malam Ɗahiru a gaban jama'a ya ci masa mutunci da furfurarsa. Dattijon ya ba shi haƙuri, don ya san gaskiya ya faɗa. Samarin da suke zaune a kan dakali suka bi shi da ido. Wani a cikinsu ya ce wato yanzu 'yan unguwa ɗaya bayan ɗaya za a riƙa kaiwa gaban Inyamiri yana tantancewa.

Da yamma aka bar shi ya ga Hamisu ta bayan kanta a ofishin 'yan sanda. Mutumin ya rame cikin yini ɗaya. Ya ce a Darmanawa ya yi Juma'a, yana ɗora wa wani tankin ruwa a kan bene, ya faɗa ya sake faɗa ba wanda ya je ya tambaya. Bai tambayi likita ba, bai tambayi kifi ba. Cewa ya yi a gaya wa mahaifiyarsa yana cin abinci, ko da ba ya ci. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce:

"Baba, ko na fita, wa zai ƙara barina in shiga banɗakin iyalinsa? Sana'ata cikin gidajen mutane take."

Maganar nan ta bi Malam Ɗahiru har gida. A daji, in ya gano shanu, mai shanu ya yi murna, ɓarawo ya ji kunya, shi ke nan. A nan kuwa duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa sai ya bar tabo a jikinta.

* * *

Ranar Lahadi da hantsi, likita da matarsa suna coci, ya zaga ta bayan gidan. Ƙofar baya tana buɗewa ne a wani siririn lungu da ba kowa yake bi ba, ƙasarsa ta taurare kamar daɓe. Jiya ya duba shi bai ga komai ba. Yau sai ya tarar da wata tunkiya a ciki, kanta a ƙasa. Ta lasa nan, ta yi taku kaɗan, ta sake lasa, ta ƙara gaba.

Ya tsaya cak. Awakin ƙofar gida ya san abin da suke lasa, can aka share ruwan falo. Amma ba a sharo ko ɗigo ta nan ba. Ya durƙusa inda ta tashi, ya dangwali ƙasar ya kai baki. Gishiri.

Ya kore ta a hankali ya karkata kai yadda rana za ta bugi ƙasar a kaikaice. Sai ga su sun fito: ƙananan tabo masu farin baki, a jere, duk a gefen dama. Ba ɗigar jiƙaƙƙen inji ba ce, wannan da ta ƙafe tun kusa da ƙofa. Fantsama ce ta bokiti cike, wanda mai ɗauke da shi yake sauri da gajeren taku, a wuri biyu ma ya ajiye ya huta, ga zoben gindin bokitin nan. Ɓarawon inji me zai yi da bokitin ruwan gishiri?

Sawun bai nufi titi ba. Ya tsallaka lungun ya tsaya a ƙofar gida na uku. Malam Ɗahiru ya san gidan. Na Hajiya Balaraba ne, tsohuwar nas, wadda rabin yaran layin a hannunta aka haife su.

Ya daɗe a tsaye kafin ya yi sallama.

Tana ganinsa ta ce ya shigo, kamar mai jiransa. Bai tambaye ta komai ba. Ta wuce gaba har ɗakin da randunanta suke, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. A tsakanin randunan ga wani shuɗin bokiti, da ɗan injin iska mai aiki da batir yana gurnani, siririn tiyo yana fitar da kumfa. Kifi biyu masu launin lemo da farin ɗamara suna manne da juna a ƙasa.

"Hajiya, wa ya kawo?"

Ta ce ba za ta faɗa ba. Ta ce amana aka ba ta lokacin da maza suke masallaci, aka ce ta riƙe zuwa yamma ana gyaran tanki, ba ta san komai ba sai da ta ji hayaniya. Tun ranar ba ta runtsa ba. In ta yi shiru Hamisu yana kulle, kuma ita ta yanke masa cibiya. In ta yi magana ta kashe aure, wataƙila ma ta jawo wa gidan abin da ya fi haka.

"Malam, ka gano abinka da kanka. Kada ka sa bakina ya faɗa."

Bai matsa mata ba. Ta riga ta faɗa.

* * *

Bayan azahar mai unguwa ya tara su a falon likita: likita da matarsa, Garba, Habibu, da wan Hamisu a madadinsa. Samari sun cika ƙofar gida, ana jin gunaguninsu ta taga. Tankin yana tsaye a bayansu da fararen ƙasusuwansa.

Malam Ɗahiru ya fara da Garba, ya ce laifinsa son tuwon suna ne kawai. Ya juya ga Habibu ya sake ba shi haƙuri a gaban mai unguwa. Ya ce Hamisu yana Darmanawa, mai benen zai zo ya shaida. Ya ce wanda ya cire injin nan ya sha ganin ana cirewa, amma bai san amfanin jan makunni ba. Ruwa ya ɓalle masa, ya tsorata, kuma a cikin tsoron nan, maimakon ya gudu, ya tsaya yana ceton abin da zai iya ceta. Sannan ya leƙa ƙofar baya ya ce Hajiya ta shigo.

Hajiya Balaraba ta shigo riƙe da bokitin da hannu biyu, ta ajiye a tsakar falo. Likita ya miƙe, ya leƙa, ya koma ya zauna kamar an tura shi.

"A ɗakin Hajiya na same su," in ji Malam Ɗahiru, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ya san abin da yake yi, kuma bai ji daɗinsa ba. Ya ga idon Habibu ya sauka a kan tsohuwar. Ya ga wan Hamisu ya buɗe baki ya kasa rufewa. Likita ya ce, "Hajiya, ke?" da wata murya ƙasa-ƙasa. Ita kuwa ta tsaya ta haɗa hannu a ciki, hawaye yana bin kumatunta, ba ta ce uffan ba. Dattijon ya ji kamar shi ake tuhuma. Ya ƙudurta in shirun ya ƙara tsawo zai karya shi da kansa.

"Ku daina kallonta," in ji Prisca. "Ni ce."

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da baƙin injin a naɗe cikin zane, ta ajiye gaban mijinta. Ta yi maganar da Hausa, don kowa ya ji. Ta ce tun da aka binne ƙaninta take roƙonsa su koma gida, kullum amsarsa ɗaya: marasa lafiyarsa, da kuma tankin da ba zai jure tafiyar mota ba. Sai ta ga in ya dawo ya tarar an shigo masa har falo, zai ji abin da take ji. Ta sallami Garba, ta dawo ta lungu lokacin salla. Niyyarta ta ɓoye injin na 'yan sa'o'i, ta san akwai wani tsoho a sito da zai sa kafin wani abu ya mutu. Tana kwance mahaɗin ruwa ya yi mata ambaliya. Ta nemi mayarwa ya ƙi shiga. Ta kamo biyun da ta iya kamowa, ta kai wa Hajiya, ta dawo ta bugi sakata da taɓarya, ta tafi kasuwa. Hamisu bai taɓa zuwa mata a rai ba. Da aka tafi da shi ta so ta yi magana, sai ta ji muryar samari a waje, bakinta ya mutu.

Likita bai kalle ta ba. Ya yi mata wata gajeriyar magana da harshensu, ta amsa da kalma ɗaya.

Hajiya Balaraba ce ta share fuska ta ce, "Maman Chibuike, kin yarda ki ba ni amanar kifi, ba ki yarda ki ba ni amanar ranki ba? Ina nan gida na uku. Wa zai taɓa ki ina numfashi?"

"Hajiya, ba ke nake tsoro ba. Maƙwabcin ƙanina ma irinki ne. A bakin ƙofa ya tsaya ya shimfiɗa hannu. Ture shi suka yi suka wuce."

Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Malam Ɗahiru, wanda ya saba in ya kai ƙarshen sawu ya ji sanyi a ƙirji, ya nemi sanyin nan ya rasa.

Mai unguwa ya ce shi zai fita ya sallami samarin. Likita ya ce a'a, a ƙofarsa suke. Ya fita da kansa, Malam Ɗahiru yana gefensa. Ya ce musu an ga injin a cikin gida, ba ɓarawon da ya shigo, kuskuren na gidansa ne, Hamisu ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra, kuma yanzu zai je ya faɗa wa hukuma haka. Wani ya tambayi kuskuren wa. Ya ce nasa. Suka yi ta ƙunƙuni, amma da mai unguwa ya ɗaga hannu suka watse biyu-biyu.

* * *

Ranar Litinin aka saki Hamisu. Likita ya je gidansu ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, tsohuwar ta ce ta yafe, ta juya fuska bango. Maganar ba ta ɓuya ba, don falon da Garba da Habibu suka zauna ba ya riƙe sirri. Kafin mako ya zagayo Prisca ta tafi Inugu wajen mahaifiyarta, Hajiya Balaraba ce ta raka ta tasha. Likita ya ce zai bi ta in ya sami wanda zai karɓi marasa lafiyarsa. Waɗansu suka ce zai tafi, waɗansu suka ce ba inda za shi.

Wata safiya Malam Ɗahiru yana zaune a ƙofar gidan ɗansa a Tarauni, sai ga Hamisu a kan keke, jakar kayan aikinsa ɗaure a baya. Bayan sun gaisa ya ce likita ya aiko masa. Kifin nan biyu ba za su rayu a bokiti ba, yana so a haɗa musu ƙaramin tanki, kuma duk Kano ba wanda ya san bututan sai shi.

Dattijon ya tambaye shi ko zai je.

Ya ce zai je. Mutumin ya roƙe shi, kuma su kifin ba su yi masa komai ba. Sai ya tsaya yana murza birkin keken, bai hau ba.

"Baba, so nake ka raka ni. Ba abin da za ka yi, ka zauna kawai inda za ka riƙa ganin hannuna."

Malam Ɗahiru ya ce ai kowa ya san an wanke shi.

"Na sani. Amma na daina shiga gidan kowa ni kaɗai."

Dattijon ya dube shi. Ya jawo takalminsa ya sa. Hamisu ya tura keken a ƙasa, suka kama hanyar Gyaɗi-Gyaɗi.